Daga Ƙararrawa Zuwa Rediyo: Tarihin Bin Sawun Shahon Farauta da Alaƙarsa da Maharban Rano da Kibiya

Sana'ar harbi a ƙasar Rano da Kibiya, kamar yadda take a sauran sassan kudancin Kano, an gina ta ne a kan karanta ƙasa, domin maharbin da ya amsa sunansa yana gane dabba tun bai gan ta ba, ta hanyar sawun da ta bari a rairayin rafi, da kashin da ta yar, da ciyawar da ta kwantar, da jinin da ya ɗiga a ganye bayan harbi ya same ta. Wannan ilimi, wanda ake kira bin sawu, shi ne ke raba gwani da ɗan koyo, amma yana da iyakar da ba ya ƙetarewa, domin abin da ya tashi sama ba ya barin sawu. Al'ummomin da suka zaɓi yin farauta da tsuntsu, wato Larabawa da Farisawa da mutanen tsakiyar Asiya da Turawa, sun shafe ɗaruruwan shekaru suna fama da wannan iyaka, kuma tarihin dabarun da suka ƙirƙiro domin gano tsuntsun da ya ɓace musu, tun daga 'yar ƙararrawar tagulla har zuwa na'urar rediyo da ba ta kai ƙwayar goro nauyi ba, ya zo ya haɗu da tarihin maharban ƙasar Hausa ta hanyar da babu wanda ya shirya ta.

Rano tana cikin garuruwan Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajida ita da Kano ne ake kira sarakunan baba saboda shahararsu a rini, yayin da ake yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Sarkin Rano a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma littafin ya soma labarinsa ne da zuriyar Dala, waɗanda aka yi wa shaidar ƙarfi da kashe giwa, abin da ke nuna cewa a wannan ƙasa maharbi ya riga sarki zama. Yanayin wurin ma ya dace da sana'ar, domin ƙasa ce mai manyan duwatsu da kwazazzabai da rafuka, wadda dajinta ke ƙara kauri in an nausa kudu har a kai Falgore a kan hanyar Jos. Mutanen yankin sun bambanta sana'o'i biyu da baƙo kan ɗauka abu guda ne. Maharbi shi ne mai fita shi kaɗai ko da ɗansa, da baka da kwari da kibau masu dafin kwankwani, daga baya kuma da bindigar toka, yawanci ya gaji sana'ar tare da asiranta, kuma yana ƙarƙashin Sarkin Baka. Farauta kuwa taron jama'a ce da ake yi da rani bayan an kammala girbi, inda ake buga ganga a fita da karnuka da gora da barandami, 'yan tauri na zuba kirari, a kewaye daji a tada zomo da gada da gafiya da fakara da zabon daji, kuma ba kasafai ake watsewa ba tare da an yi jayayya a kan wanda karensa ya fara kama ba.

A cikin waɗannan sana'o'i biyu kare ne abokin aiki, kuma shaho da shirwa a idon manomin Kibiya ɓarayin 'yan tsaki ne waɗanda ake kora da ihu da jifa. Duk da haka tsuntsu yana da gurbi a kayan aikin maharbin Hausa, sai dai ta wata fuska dabam. Burtu babban baƙin tsuntsu ne mai dogon baki wanda ke kiwo a ƙasa cikin namun daji ba tare da sun tsorata da shi ba, saboda haka maharbi yakan sassaƙa itace mai lanƙwasa, ya liƙa masa kan burtu da bakinsa, ya naɗe shi da fata, ya ɗaura a goshi, sannan ya lulluɓa da baƙin zane ya riƙa rarrafe yana kaɗa kai kamar mai tsince-tsince, har ya kusanci barewa ko gada iyakar inda harbi zai kai. Irin wannan kan burtu yana ajiye yau a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Ma'anarsa ga wannan bayani ita ce, inda Balarabe ya aiki tsuntsu ya kamo masa nama, Bahaushe shi da kansa ya shiga siffar tsuntsun, kuma ta haka bai taɓa fuskantar matsalar abokin farautar da ke iya tashi ya tafi ba.

Wurin da farauta da shaho ta samu gindin zama a ƙasar Kano shi ne zauren malamai. Littafin tarihin da aka ambata ya nuna cewa a zamanin Yaji ne Wangarawa suka iso daga Mali da addinin Musulunci, kuma da tafiya ta yi nisa mazhabar Imamu Malik ta kafu, ta yadda ɗalibin ilimi a Rano ko Kibiya, bayan ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, yakan shiga Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 996 Miladiyya. A babin da ya tattara layya da yanka da farauta, ɗalibin yana cin karo da bazi, wato wani nau'in shaho mai gajerun fukafukai da Larabawa ke horarwa, kuma yana koyon cewa abin da horarren kare ko horarren bazi ya kashe ya halatta a ci, matuƙar mai shi ne ya aike shi kuma ya ambaci sunan Allah, hukuncin da asalinsa ke cikin aya ta 4 ta Suratul Ma'ida. Abubuwa biyu daga wannan fiƙihu sun cancanci a riƙe su. Na farko, malaman mazhabar sun tsananta a kan naman da ya ɓace wa mafarauci har ya kwana bai gan shi ba, domin ba a da tabbacin abin da ya kashe shi, wato ke nan ɓacewa daga ido matsala ce ta shari'a tun kafin ta zama ta injiniyoyi. Na biyu, sun karhanta farautar da ake yi don wasa kawai, suka halatta wadda ake yi don buƙata. Ta wannan hanya almajirai masu yawa suka san hukuncin bazi dalla-dalla alhali ba su taɓa ganin mutum ɗauke da shi a hannu ba.

A ƙasashen da aka yi sana'ar a aikace, Larabawa suna kiran iliminta baizara, kuma tun a ƙarni na 8 aka rubuta shi a fadar halifofi, inda littafin da ake dangantawa ga Algiɗrif ɗan Ƙudama ya zama madogara. Usama ɗan Munƙiz, jarumin Sham da ya rayu daga 1095 zuwa 1188, ya bar bayani mai tsawo a kan farautar mahaifinsa da tsuntsaye, sannan sarkin Turawa Firidirik na Biyu, wanda ya mutu a 1250, ya tara masana daga ƙasashen Musulmi a fadarsa, ya rubuta nasa babban littafin, ya kuma yaɗa a Turai 'yar hular fata da ake rufe wa shaho ido da ita don ya natsu, wadda Larabawa ke kira burƙa. Abin da duk masanan suka haɗu a kai shi ne cewa shaho ba kare ba ne. Kare yana son ubangidansa, yana jin tsawa, yana kuma bin hanya ya koma gida, amma shaho ba ya horuwa da duka, kuma abin da ke dawo da shi hannu shi ne sabo da yunwa da aka daidaita. Shi ya sa mai horarwa ke ɗaukarsa a hannu sa'o'i masu yawa har ya daina firgita, ya riƙa kiransa da tsokar nama daga taki ɗaya zuwa taki hamsin yana ɗaure da doguwar igiya, ya koya masa zuwa ga tilwa, wato damin fukafukai da ake wulwulawa a igiya da nama a jiki, kafin ranar da za a kwance igiyar gaba ɗaya. Daga wannan rana kowace fita tana iya zama ta ƙarshe, domin idan tsuntsun ya bi abin farauta ya kama shi a bayan tudu, ya ci ya ƙoshi kafin mai shi ya iso, to babu sauran dalilin da zai sa ya amsa kira, kuma kwana biyu ko uku yana ciyar da kansa sun isa su soma warware horon watanni.

Maganin da magabata suka samo shi ne ƙararrawa. Akan ɗaura ƙananan ƙararrawa biyu a ƙafafun tsuntsun da siririyar fata, a zaɓe su masu murya mabambanta kaɗan domin saɓanin amon ya fi ratsa iska, kuma waɗanda maƙeran Lahor na Pakistan ke ƙerawa sun yi suna har Turai. Masu bazi sukan ɗaura ta a gindin wutsiya, saboda wannan tsuntsu yana da ɗabi'ar kaɗa wutsiya ko da yana zaune cikin duhuwar bishiya. Kunnen gwani yana bambanta ƙarar tsuntsun da ke tashi da ta wanda ke figar abin da ya kama. Sai dai amon ba ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci, iska na iya kwashe shi, alhali shahin, wato shahon da ya fi kowace halitta gudu, yana wuce kilomita 300 a sa'a idan ya sulmiyo daga sama, kuma ko a tafiyar miƙe yana iya yin nisan da ƙafa ba za ta cim masa ba cikin 'yan mintoci. A tsawon ƙarnuka, asarar tsuntsu ta kasance wani ɓangare na sana'ar da kowa ya haƙura da shi.

Canjin ya zo ne daga masu nazarin namun daji, kuma ya jira ƙirƙiro taransisto a 1947, wato ɗan ƙaramin abin da ya maye gurbin manyan ƙwayayen gilashi na tsofaffin rediyo, ya sa aka iya ƙera na'urar aika sigina da dabba za ta iya ɗauka. Wasu tagwaye 'yan Amurka, Frank da John Craighead, waɗanda tun suna samari suke farauta da shaho, har suka je Indiya a 1940 suka zauna da wani yariman Bhavnagar suna koyon salon gabas, su ne a 1961 suka rataya wa manyan dabbobin nan masu suna beyar abin wuya mai rediyo a gandun dajin Yellowstone. A 1963 William Cochran da Rexford Lord suka wallafa tsarin da suka gwada a kan zomaye da wasu ƙananan namun daji a jihar Illinois, wanda ya zama abin koyi ga na baya, kuma a 1973 Cochran ya liƙa wa wani ɗan tsuntsu mai ƙaura na'ura, ya bi shi a mota kimanin mako guda, tafiyar da ta kai kusan kilomita 1,500 har cikin Kanada. A shekarun 1970 ne masu shaho suka soma karɓar wannan fasaha, wadda ake kira telemetiri, ma'ana auna abu ko sanin halinsa daga nesa. Lokacin ya zo daidai da ƙarancin tsuntsayen, domin maganin ƙwari na DDT ya sa ƙwan shahin ya yi laushin ɓawo yana fashewa a sheƙa, kamar yadda Derek Ratcliffe ya nuna a Ingila a 1967, har Amurka ta hana amfani da maganin a 1972. Tsuntsun da a da ake tarko a kama wani idan ya ɓace, ya zama abin da ake ƙyanƙyashewa a keji da wahala da kuɗi mai yawa, kuma tsadar nan ita ce ta sa rediyo ya zama dole.

Kayan aikin kashi uku ne. Akwai na'urar aikawa, mai nauyin 'yan giram da ɗan batir da siririyar waya, wadda ake ɗaurawa a ƙafa, ko a maƙala a gashin tsakiyar wutsiya, ko a goya wa tsuntsun a baya da lallausan ɗamara, kuma ƙa'idar da masu bincike ke bi ita ce kada nauyinta ya wuce kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyin jikinsa. Aikinta ɗaya ne, wato fitar da gajeriyar sigina kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa a kan mitar da aka ware mata, wadda a Amurka take wajen megahaz 216, a Birtaniya aka daɗe ana amfani da 173, a yawancin Turai kuma 433 zuwa 434. Akwai na'urar karɓa da ke hannun mai tsuntsun, wadda ke mai da siginar ta zama ƙara a kunne. Na uku kuma ita ce eriya mai sanduna a jere, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a Japan a 1926, kuma ita ce dai irin eriyar talabijin da aka saba gani a kan rufin gidaje. Amfaninta shi ne tana jin abin da ke gabanta fiye da na gefe. Mai nema yakan tsaya a wuri mai tudu, ya riƙa juyawa a hankali har ya gano inda ƙarar ta fi ƙarfi, ya rage muryar na'urar domin bambancin ya fito sosai, sannan ya matsa gefe mai nisa ya sake ɗaukar saiti, kuma inda layukan biyu suka haɗu a taswira, nan ne tsuntsun yake ko kusa da nan.

Bayanin yana da sauƙi a takarda, amma ƙasa irin ta Rano za ta nuna wa ɗan koyo inda gizo ke saƙar. Siginar irin waɗannan mitoci tana tafiya ne a miƙe, saboda haka tsuntsun da ke shawagi a sama ana iya jin sa daga kilomitoci gommai, amma da zarar ya sauka cikin kwazazzabo ko bayan dutse sai ƙarar ta ragu zuwa tazara kaɗan ko ta ɗauke ɗungurungum. Manyan duwatsu kuma suna mai da sigina baya, ta yadda eriya za ta nuna gabas alhali tsuntsun yana yamma, kuma eriyar kanta tana ɗan ji ta ƙeya, abin da ya sa sabon shiga kan juya wa tsuntsunsa baya ya yi ta tafiya yana murna. Batir yana ƙarewa cikin kwanaki ko makonni, gashin wutsiya yana iya tugewa ya faɗi da na'urar, shi ya sa masu tsuntsaye masu nisan tashi ke ɗaura biyu. A ɗaya ɓangaren, lokacin farauta a ƙasar Hausa shi ne lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke rufe sararin sama har ido ya kasa ganin abin da ke gaba kaɗan, kuma ƙura ba ta tare siginar rediyo yadda take tare gani. Wanda ya san kan duwatsun yankin da hanyoyin shanu da inda kurciya da hasbiya ke taruwa shan ruwa da yamma, shi ne zai fi amfana da na'urar, wato dai maharbin da ya riga ya iya daji.

A nan ne tsofaffin masu sana'ar suka yi ta saɓani da sababbi, kuma akwai gaskiya a ƙorafinsu. Na'urar tana faɗin inda tsuntsu yake, amma ba ta sauko da shi daga kan kuka, kuma wanda ya saki shaho mai ƙiba, ko wanda bai gama sabo ba, ko a ranar iska mai ƙarfi, ko da tsakar rana lokacin da zafi ke ɗaga tsuntsaye sama, zai iya wuni a gindin bishiya yana jin ƙara a kunne da nama a hannu ba tare da an kula shi ba. Abin da ke hana ɓata shi ne sikeli, domin ana auna tsuntsun kullum a rubuta, har a gano nauyin da yake amsa kira a kai ba tare da ya rame ba, kuma a ƙananan tsuntsaye bambancin 'yan giram yana iya zama bambancin rai da mutuwa. Ƙasashen da suka tsara sana'ar sun gane haka. A Amurka dole ɗan koyo ya ci jarrabawa da aƙalla kashi 80 cikin 100, a duba masaukin tsuntsunsa, ya kuma yi shekara biyu a ƙarƙashin gwani, a Jamus kuwa sai ya ci jarrabawar farauta sannan ya ci ta shaho. Masu koyarwa sukan sa ɗalibi ya yi atisaye tun kafin ya saki tsuntsu, wani ya ɓoye na'urar aikawa a daji shi kuma ya nemo ta, kuma da yawansu har yau suna ɗaura ƙararrawa tare da rediyo, domin a taki ashirin na ƙarshe cikin ciyawa kunne ya fi eriya.

Mataki na gaba shi ne tauraron ɗan'adam. Tsarin Argos, wanda Faransa da Amurka suka kafa a 1978, ya ba da damar bin tsuntsu daga nahiya zuwa nahiya, kuma bayan da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin siginar GPS ga farar hula a watan Mayu na 2000, na'urori suka riƙa ƙanƙancewa har aka kai ga waɗanda ke nuna wa mai shaho wurin tsuntsunsa da tsayinsa da gudunsa a fuskar wayar hannu. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf su ne babbar kasuwar waɗannan kaya, inda Abu Dhabi ta buɗe asibitin shaho a 1999, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta soma ba tsuntsayen fasfo a 2002, sannan hukumar UNESCO ta sa sana'ar cikin jerin al'adun gado na ɗan'adam a 2010, kuma ƙasashen da aka rubuta sana'ar da sunansu suka kai 24 a 2021, ciki har da Maroko. Amma fasahar da ta rage asarar shaho ta ƙara asarar abin da shaho ke kamawa. Badawin da yake kama tsuntsu da kaka, ya yi farauta da shi a kan raƙumi da sanyi, ya sake shi da bazara, bai taɓa iya ƙarar da hubara ba, wato ƙaramin tujen hamada, alhali ayarin motoci masu rediyo ya iya, kuma da ta yi ƙaranci a gida sai ayarin suka bazu zuwa Pakistan da Arewacin Afirka da saharar Nijar, inda tuje da barewa suka ɗanɗana kuɗarsu.

Ta sama ne wannan fasaha ta iso ƙasar Hausa, a bayan tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai zuwa Sahel kowace shekara. Alaƙar ta girmi rediyo, domin a 1822 an harbe wata farar shamuwa ta Turai kusa da garin Klütz a Jamus, aka tarar da makamin maharbin Afirka soke a wuyanta, kuma wannan tsuntsuwa, wadda ke ajiye a jami'ar Rostock, tana cikin hujjojin farko da suka tabbatar wa Turawa inda tsuntsayensu ke tafiya da sanyi. A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmark mai suna Mortensen ya soma sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, kuma irin waɗannan zobba sun sha faɗawa hannun maharba da masunta a Afirka ta Yamma. A 2013 masu bincike a dajin Dadiya na ƙasar Girka suka goya wa wani ɗan farin ungulu na'ura, suka sa masa suna Paskalis, ya ƙetare teku da Sahara ya sauka a kudancin Nijar, amma a farkon 2014 siginar ta nuna ya daina tashi, kuma binciken da aka bi sawun na'urar aka yi ya gano cewa wani maharbi da ya fito daga Najeriya ne ya kashe shi domin kasuwar masu tsibbu. Ungulun da aka saba gani a mahautar kowane gari ta shiga jerin halittun da ke daf da ƙarewa a 2015, kuma duk wanda ya girma a ƙasar Kano ya ga ɓacewarta da idonsa. Rashin sanin na'urar ma yana jawo ɓarna, kamar yadda ya faru a Masar a 2013, inda aka tsare wata shamuwa a Ƙina bisa zargin leƙen asiri saboda abin da masana na Hangari suka goya mata.

Dajin da maharban Rano da Kibiya suka gada ya tsuke. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina daga 1971 zuwa 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, tare da noman rani da ya biyo bayanta a Kadawa da Bunkure, da yawaitar jama'a da saran itace, sun mai da saura gona, kuma abin da ya rage na manyan namun daji ya koma Falgore, inda doka ta hana farauta. Shi ya sa maharban yankin ke tafiya ci-rani har kudancin ƙasar, tafiyar da a ƙarshen watan Maris na 2025 ta ƙare da kisan gillar maharba 16 'yan jihar Kano a Uromi ta jihar Edo, waɗanda da yawansu mutanen Bunkure ne, ƙaramar hukumar da tare da Rano da Kibiya ta haɗa masarautar Rano kamar yadda dokar jihar ta 2024 ta tsara. A irin wannan hali, matashin da ya ga bidiyon Larabawa a wayarsa ya yi sha'awar hawa dutse ya kwaso 'ya'yan shaho daga sheƙa ya kamata ya san cewa dokar kare dabbobin daji ta Arewa ta 1963, da dokar tarayya ta 1985 a kan halittun da ke fuskantar ƙarewa wadda aka yi wa gyara a 2016, da yarjejeniyar CITES da Najeriya ke ciki tun fara aikinta a 1975, duk sun taƙaita kamawa da cinikin namun daji, kuma tsuntsaye masu farauta suna cikin waɗanda yarjejeniyar ta sa wa ido. Ɗan shahon da aka raba da iyayensa ba tare da malami da sikeli da ingantaccen abinci ba, mutuwa ce mafi kusa da shi, ko an ɗaura masa rediyo ko ba a ɗaura ba.

Inda na'urar za ta yi amfani a wannan yanki shi ne a hannun masu bincike da maharba tare, domin cibiyoyi irin su cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos suna da eriya da taswira, maharba kuma su ne suka san dutsen da shaho ke sheƙa da bishiyar da ragowar ungulu ke kwana. Maharbi ko manomin da ya tsinci tsuntsu mai zobe ko mai na'ura a bayansa, a Rano ko Kibiya ko Rurum, kada ya ɗauke shi ɗan leƙen asiri, kada kuma ya fasa na'urar; idan tsuntsun na da rai ya sake shi, idan ya mutu ya rubuta lambar da ranar da wurin, ya miƙa wa mai unguwa ko jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma domin saƙon ya isa ga waɗanda suka ɗaura ta.